Kada Ki Kai wa Gwaggonki Ƙaiƙayin Nan

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Lubabatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kin sauka Gummi lafiya, kin iske Gwaggonki Hajo da mutanen gidanta lafiya. Allah Ya tsare ki a hanyar nan da ta zama abin tsoro, Ya kau da idon miyagu daga duk motar da za ki shiga, Ya sa aikin koyarwar da kika samu ya zame miki alheri. Amin.

Na san kin tsaya kina kallon sunanki a saman takardar nan. E, ni na rubuta shi da hannuna. Tun ranar da aka raɗa miki shi bai taɓa fita daga bakina ba, don ke ce 'yar fari, kuma haka muka iske ana yi: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi gaban mutane. "Ke" nake ce miki, ko "waccan". To yau na ajiye wannan kunyar. Ita ta sa duk abin da ya dame ki tun kina ƙarama Gwaggo kike kai wa, ba ni ba. Yanzu kuma ga ki cikin gidanta, kuna kwana ɗaki ɗaya, abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Ki duba gefen jakarki inda kika cusa ƙullin bagaruwa da jar kanwa. Ba ya nan. Na cire shi na jefa masai, na sa takardar nan a wurinsa. Ki yi fushi in kin ga dama. Tun yaushe nake ganin tsohon kwanon nan da kike ɓoyewa bayan randa a makewayi? Ina ganin yadda kike zama kan tabarma da ɓari ɗaya, ina ganin yadda kike miƙewa ana tsakiyar cin tuwo ki shige ɗaki, ki fito idonki ja. Kin ɗauka ban gane ba? Ƙaiƙayin gaba ke damunki. Na san zamansa, na san tafiyarsa, don na yi su tun kafin ki yi wayo. Abin da nake so ɗaya ne, ki je asibiti a duba ki da ido, kafin Gwaggonki ta ji labari.

Nawa ya fara ne bayan na yaye ki. Ƙaiƙayi ne wanda ba ya jin farce. In na fara susa ba na iya bari sai na ga jini a yatsana. Da farce ya gaza na koma totuwar masara, ni da hankalina, matar aure! Ina tsaye ina tuyar ƙuli-ƙuli sai abin ya motsa, in bar kasko kan wuta in ruga makewayi, in dawo in iske rabi ya ƙone. Fitsari ya zama azaba, sai na cije gefen zanena kafin in tsuguna.

Da na kasa jurewa na raɗa wa wata maƙwabciya. Ko rufe baki ban yi ba ta ce, "Sanyi na." Kai, sanyi! Wallahi har yau in na ji kalmar nan raina ɓaci yake. Mace ta ce mara na ciwo, sanyi. Ta ce ruwa na zuba, sanyi. Ta ce ƙaiƙayi, sanyi. Kuma kowace tana da nata maganin a bakin zane. Wannan ta ce in dafa bagaruwa da kanwa in zauna ciki da zafinsa. Waccan ta ce alif. Wata ta ce in dirje wurin da sabulun salo, ƙazanta ce. Wata ta kawo turaren tsuguno, wata farin miski. Duk na yi, ba wanda na bari. Ruwan zafin nan in na zauna ciki sai na ga wuta a idona, amma da yake zafin yana danne ƙaiƙayin na ɗan lokaci, sai in ce magani yana aiki. Ashe fatar da ba ta da lafiya nake dafawa da hannuna. Ke ma abin da kike yi ke nan da kwanon can, kuma ki bari daga yau. Ruwa mai ɗumi-ɗumi kawai, ba sabulu, ba kanwa, ba turare, ki ɗauki tsumma mai laushi ki dangwale ba tare da gogewa ba.

Daga nan na koma wurin mai kemis. Ina tsaye can nesa da teburinsa, fuskata rufe da hijabi, na ce da ƙaramar murya ina da sanyi. Bai tambaye ni kome ba. Ya ɗauko allura, ya ɗauko kafso, ya ɗauko na matsi. Na gama, abin na nan. Na koma, ya sake ba ni irinsu da wata kala. A zuwa na uku ya kalle ni ya ce, "Baiwar Allah, in dai yana dawowa, maigidanki ke kawo miki. Ki turo shi." Mutumin da ko tafin hannuna bai duba ba, shi ya yanke wa aurena hukunci!

Ni kuma na yarda, sakarcina ke nan. Lokacin babanki yana zuwa Bagega niƙan dutsen zinariya, yakan yi kwanaki bai dawo ba. Sai na haɗa wannan da wancan na ƙulla abin a raina. Na daina yi masa fara'a. In ya shigo in ajiye masa tuwo in juya baya. Ga shi dama kwanciyar aure ta zama mini kamar yanka, fatar tana tsagewa, sai na sami dalilin gudunsa. Bawan Allah ya je ya miƙa jikinsa aka yi ta soka masa allurar da ba ya bukata, bai ce mini uffan ba. Shekarun da ya kamata mu yi muna dariya na ɓata su ina zargin mutumin da bai yi kome ba. Ke da ba ki yi aure ba, na san abin da kike tsoro ya fi nawa. Kina tsoron a ce budurwa ina ta samo ciwon gaba. Na san bakin mutanen garinmu, ba sai an faɗa mini ba. To ki ji daga bakin uwarki: ƙaiƙayin gaba yana kama jaririya, yana kama tsohuwar da mijinta ya daɗe a ƙasa. Duk wanda ya ɗaga miki gira a kan wannan, jahilcinsa ne, ki bar shi da kayansa. Kuma duk wanda ya miƙo miki magani bai duba ki ba, ki mayar masa da abinsa.

Yanzu zan zo kan Gwaggonki, ki karanta a hankali.

Ta zo Anka bikin suna, ta kwana biyu a gidanmu. Idon Hajo kin san shi, ba ya barin kome. Ta ja ni ɗaki ta ce, "Rabi, mi ad da ke? Kin rame kin bushe, kina tahiya kamar mai kaciya." Yayar mijina ce, ta girme ni nesa, sai na fashe da kuka na faɗa mata. Ta tafa hannu ta ce, "Ash-sha! Wanga ai gishiri na. Kina ta ɓarnar allura, abin da aska ɗai ka maganinai. Shirya gobe mu tahi." Ta ce wa babanki za ta raka ni gaida dangina a Bukkuyum.

Wani ƙauye ta kai ni can wajen, gidan wani wanzami da aka ce ya gaji yankan gishiri kaka da kakanni. Ɗaki ne mai ƙaramar ƙofa, da rana tsaka ma ba ka ganin fuskar na kusa da kai. Aka kwantar da ni kan buhu. Matarsa ta danne ƙafa ɗaya, Gwaggonki ta danne ɗayar. Shi kuma ya kau da kansa gefe, wai don kunya, wai ba ya kallon tsiraicin matar wani. Kin ji fa! Kunya ta hana shi kallo, amma ba ta hana shi sa aska ba. Da lalube ya yanka ni, Lubabatu. Na yi ihu har muryata ta dushe. Jini ya jiƙa buhun ya kai ƙasa, Gwaggonki tana shafa goshina tana cewa, "Yi haƙuri, mugun jini na, bari shi hita." Suka zaunar da ni cikin ruwan zafi, suka naɗa mini tsumma, muka hau mota.

Zazzaɓi ya kwantar da ni har aka fara tunanin ba zan tashi ba. Kuma ciwon bai gama warkewa ba ƙaiƙayin ya dawo, ya ma fi da. Da na aika wa Gwaggonki, sai ta aiko cewa wanzamin bai yanke duka ba ne, a koma a ƙarasa. A koma! Wannan karon na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba ni zuwa, kuma shi ne abu ɗaya na hankali da na yi a shekarun nan. Lokacin haihuwar ƙanenki Murtala, wurin da askar ta bi ya ƙi buɗewa, ya yage. Ba zan rubuta miki sauran ba.

Kada ki ce na tsani Gwaggonki. Ita ta goya ki, ita ta saya miki allonki na farko. Ni ma da na kwanta, kazarta ta yanka ta yi mini farfesu, ta zauna tana yi mini fifita. Ba da mugunta ta kai ni ba, kuma abin da ke ba ni tsoro ke nan. Har yau ta yarda taimakona ta yi. Da Sallar da ta wuce da kunnena na ji tana ba wata labarin surukar maƙwabcinta da ta raka aka yanke wa gishiri, tana faɗa tana alfahari. In ta ga kina zama da ɓari ɗaya, wallahi ba za ta yi shawara da kowa ba. Za ta ce ki shirya ku je gaida wasu dangi, ke kuma ba ki taɓa yi mata musu ba.

Yadda Allah Ya kawo mini sauƙi, ta hanyar wata masifar ce. Kina iya tuna lokacin gubar dalma, da yara suka yi ta suma suna mutuwa a Bagega da Duza da Tungar Guru? Babanki yana dawowa da ƙurar dutsen nan a tufafinsa, Murtala yana rarrafe yana hawa jikinsa. Aka auna jinin Murtala aka ce gubar ta shige shi, aka kwantar da mu asibiti ni da shi. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace, ta lura duk sauran uwaye suna zaune kan benci ni ina tsaye da goyo. Ta ce, "Maman Murtala, me ya hana ki zama?" Na ce basir ne. Dubi wauta, ga taimako ya zo har gabana ina yi masa ƙarya! Ta tafi. Washegari ta dawo ta kama hannuna ta ja labule ta ce, "Ni ma mace ce. Kwanta in gani." Tun da ciwon nan ya kama ni, ita ce mutum ta farko da ta kunna fitila ta duba. Da ta gama ta ce wannan ba basir ba ne, ba kuma sanyi ba ne, ya fi ƙarfin nan, sai babban asibiti a Sakkwato.

Da aka sallami Murtala na zaunar da babanki na faɗa masa kome, har da wanzamin. Ya ce, "Wato allurar nan duk a banza na sha ta?" Na ce a banza. Ya ce, "Kuma Hajo da ta ce Bukkuyum za ku, can ta kai ki?" Na ce can. Ya tashi ya fita nemo mota.

Likitar da ta duba ni a Sakkwato mace ce. Ba ta yi gaggawa ba. Ta tambaye ni tun yaushe, me da me na shafa, wa ya yanka ni. Da na lissafa mata kanwa da alif da ruwan zafi sai ta dafe kai. Ta duba, sannan ta miƙo mini madubi ta ce in kalli jikina. Ban taɓa kallo ba, an ce mana babu kyau. Fatar wurin ta yi fari fat, ta yi siriri kamar ɓawon albasa, duk ta tattare, ga tsaga ga tabon aska. Aka ɗebi jinina a ga ko ciwon suga ne, don shi ma yana kawo ƙaiƙayi. Aka goga auduga aka kai awo a ga ko ƙwayar cuta ce. Sannan ta yi mini allurar kashe zafi ta ɗan tsinki fata, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, aka kai ɗakin gwaji. Ita ma ƙarfe ta sa, amma da fitila a kunne, idonta a kan abin da take yi, kuma ko motsi ban yi ba.

Da sakamako ya fito ta faɗi sunan cutar da Turanci, laikin isklerosas, har yau harshena bai daidaita shi ba. Ta ce cutar fata ce. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta juya tana cin fatar wurin. Ba ƙazanta ba ce, ba a ɗaukarta wurin miji, ba a sa wa miji, kuma babu wani gishiri da ke ciki da za a yanke. Babanki yana bakin ƙofa, na ce a kira shi ya ji da kunnensa. Sai ta tambaye ni ko a danginmu akwai mai irinta, don takan bi jini. Nan take na tuna Innata, kakarki, yadda kullum take zama kan tsumma a naɗe, da gyambon da ya fito mata a ƙarshe wanda ya ƙi warkewa, aka yi ta cewa sammu ne har ta koma ga Allah. Likitar ta ce ba za ta iya rantsewa a kan wadda ba ta gani ba, amma cutar nan in aka bar ta shekara da shekaru ba magani, wani lokaci takan rikiɗe ta zama ciwon daji. Ba kowa ba, amma yana faruwa. Na fito daga ɗakin nan cike da takaici.

Maganin fa? Za ki yi mamaki. Ɗan man shafawa ne a ƙaramin bututu, mai ƙarfi. Ta nuna mini a madubi inda zan shafa, ɗan kaɗan a kan yatsa. Da fari kullum, daga baya ana tsallake rana, har ya koma sau biyu a mako, kuma a haka nake har yau don cutar ba ta warkewa ɗungurungum, kwantar da ita ake yi. Ta ce in riƙa shafa mai marar turare don kada fatar ta bushe, in sa ɗan kamfai na auduga mai sakewa, in dawo a duba ni duk shekara, in kuma na ga ƙari ko gyambon da ya ƙi warkewa kada in jira shekarar. Kafin wata ya ƙare na zauna kan kujera 'yar tsuguno na gama tuyar ƙuli tun daga farko har ƙarshe ban tashi ba. Na zauna gaban kaskon ina kuka, kika zo kika tsaya kina kallona, na ce hayaƙi ne.

Amma ki kula, kada ki ce tunda Inna ta faɗi magani bari in aika a sayo. Irin man nan ne matan banza-wofi ke saye a kasuwa suna shafe fuska don su yi fari, har wani mai shago da na je sayen nawa ya taɓa kallon baƙar fuskata ya ce, "Hajiya, ke ma an shiga layi?" Na ce Allah Ya shirye shi. Na kasuwa ba ki san abin da aka cuɗa ciki ba. Kuma ni ba likita ba ce, ban duba ki ba. Mai yiwuwa irin nawa ne, mai yiwuwa wani abu ne mai sauƙi wanda zai tafi cikin mako. Ido ne zai raba, da gwaji. Ki je asibitin gwamnati ki nemi ɓangaren mata, ki buɗe baki ki ce, "Gabana ke ƙaiƙayi, ya daɗe, mahaifiyata tana da cutar fata a wurin, ina so a duba ni." Kada ki ce sanyi, kada ki ce basir. In suka fara rubuta magani ba su duba ba, ki ce ba ki tashi sai an duba. In abin ya fi ƙarfinsu su tura ki gaba, babanki ya ce shi zai zo ya kai ki. In namiji kika tarar, ki nemi a kira ma'aikaciya ta tsaya kusa da ke, lalura ce, addini bai hana ba.

Gwaggonki kuwa ki gaishe ta, ki yi mata biyayya, ki ɗebo mata ruwa, ki ci tuwonta. Amma in ta ce ki shirya ku je gaida dangi a wani ƙauye, ki ce Inna ta hana. In ta matsa, ki ce ta kira ni. Na yi shiru a gabanta shekara da shekaru don girmanta, amma na rantse da Wanda raina ke hannunSa, ranar da aska ta taɓa ki zan hau mota in zo Gummi in kwance zanena a tsakar gidanta, ita da maƙwabtanta su ga aikinta. Kowa ya ce Rabi ta haukace, na yarda.

Akwai magana ɗaya da likitar nan ta faɗa mini wadda ko babanki ban gaya wa ba. Na tambaye ta ko maganin zai mayar da jikina yadda yake. Ta riƙe hannuna ta ce ƙaiƙayin zai kwanta, tsagewar za ta daina, amma naman da ya shanye ya manne ba ya dawowa, da wanda cutar ta ci da wanda askar ta ci. Ta ce da na zo a shekarar farko, da ban rasa kome ba. Ina da shekarunki na yanzu lokacin da nawa ya fara, ba wanda ya ce mini in je. Nawa ya riga ya tafi, Lubabatu. Naki yana nan, kuma asibitin bai fi tafiyar ƙafa daga gidan Gwaggonki ba. Ki je cikin makon nan.

Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya tsare fitarki da shigarki, Ya dawo mini da ke da ƙafafunki. Babanki da Murtala suna gaishe ki.

Wassalam.

Ni ce Innarki,
Rabi, daga Anka.